Umaru Ganda: Ɗan Dakon Abijan Da Ya Fara Ɗauko Ingarman Wagadugu

 Duk wanda ya taɓa sauka Yamai ya bi ta wajen kasuwar Wadata, da wuya a ce bai ga babban gidan raya al'adun nan da ake kira CCOG ba, wato gidan Umaru Ganda. Haka kuma duk shekara biyu, idan aka buɗe bikin fina-finan Afirka na FESPACO a birnin Wagadugu, za ku ji gidajen rediyo suna ambaton wata kyauta mai ɗauke da wannan suna. Amma idan ka tare mutane a tasha ka tambaye su ko wane ne mai sunan, kaɗan ne za su iya faɗa maka.

To, yau tarihinsa za mu kawo muku. Mutum ne da ya yi soja, ya yi bida, ya yi dako da kansa da kafaɗarsa, daga bisani ya zama wanda ya fara ɗaukar babbar kyautar wannan biki. Tarihinsa ba ya rabuwa da na mutanen da suka tashi tsaye suka kafa wa fim ɗin baƙar fata kasuwa tasa ta kansa, domin sun gane abin da kowane ɗan kasuwa ya sani: haja komai kyanta, in babu rumfar da za a kasa ta, asara ce ga mai ita.

Haihuwarsa da shigarsa soja

An haifi Umaru Ganda, wanda a rubutun Faransanci ake rubuta sunansa Oumarou Ganda, a birnin Yamai a shekarar 1935, zamanin mulkin mallaka. Bazabarme ne, kuma a nan Yamai ya yi karatun firamare. Bai yi zurfi a lakwal ba, domin a 1951, yana ɗan shekara 16 kacal, ya shiga sojan Faransa.

A wancan lokaci Faransa tana cikin wani ƙazamin yaƙi a Indoshin, yankin gabashin Asiya da a yau ya ƙunshi ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambodiya. Mutanen can sun ce sun gaji da mulkin mallaka, ita kuwa Faransa sai ta riƙa kwasar samari daga ƙasashen da take mulka a Afirka tana kai su su yaƙi waɗansu talakawa irinsu. An fara yaƙin a 1946, aka gama shi a 1954, bayan da sojojin Faransa suka sha kashi a Diyen Biyen Fu. Umaru ya yi shekara biyu a wancan fage. Ya ga yadda ake mutuwa cikin gonakin shinkafa, ya kuma ga yadda ake bambanta soja baƙi da soja fari alhali harsashi ba ya bambanta su.

Da aka sallame shi a tsakiyar shekarun 1950 ya dawo gida, sai ya tarar babu aikin yi. Saurayi ne ɗan kimanin shekara 20, ya ƙetare teku, ya ga duniya, amma hannunsa babu sana'a sai riƙon bindiga. Abin da dubban samarin ƙasar nan suka yi, shi ma shi ya yi: ya ɗauki ƴar jakarsa ya nufi kurmi.

Dako a tashar jiragen ruwa

Mu a Adar ba sai an yi mana dogon bayani a kan tafiya bida ba. Da wuya ka shiga gari a ƙasar Keita ko Buza ko Madawa ba ka samu gidan da ɗansa yake Abijan ba, ko ya taɓa zama can. Hanyar da motocin albasar Galmi da Tamaske suke bi zuwa bakin teku, ita ce hanyar da ƙafafun kakanninmu suka fara takawa.

Abijan ɗin da Umaru ya tarar gari ne da ke cikin tashe. A 1950 aka buɗe mashigin ruwan Biridi, wanda ya ba manyan jiragen ruwa damar shigowa har cikin gari, sai fataucin koko da kofi da katako ya bunƙasa, ƙasar Kwaddibuwa ta zama wurin neman kuɗi ga mutanen Sahel. Turawa da manyan ofisoshi suna unguwar Filato, baƙi ƴan ci-rani kuwa suna cunkushe a Tireshbil, ƙetaren ruwa. A nan Umaru ya sauka, ya shiga sahun ƴan dako na tasha, masu aikin yini: in an ɗauke ka yau ka ci, in ba a ɗauke ka ba ka kwana da yunwa.

Cikin wannan hali ya haɗu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Shi wannan Bature ya fara zuwa Nijar ne a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma binciken al'adun Zabarmawa da Sanwai, yana ɗaukar su a fim. A shekarun 1950 yana bin sawun ƴan Nijar masu tafiya bida a Gana da Kwaddibuwa domin ya san yawansu da sana'o'insu da dalilin fitowarsu. Ya ga Umaru yana jin Faransanci, yana da kaifin basira da iya magana, sai ya ɗauke shi aikin tattara bayanai da ƙididdiga a tsakanin ƴan uwansa baƙi.

Daga tattara bayanai zuwa gaban kyamara

A 1957 Rouch ya ɗauki wani fim a Tireshbil a kan rayuwar samarin Nijar da ke can, wanda ya fito a 1958 da suna Moi, un noir, ma'ana ni baƙar fata. Umaru ne babban ɗan wasan. A cikin fim ɗin samarin suna kiran kansu da sunayen taurarin silima na Turai da Amurka, shi Umaru yana amsa sunan Edward G. Robinson. Ana ganin su suna neman aiki ranakun mako, suna rawa da shaƙatawa Asabar da Lahadi, Litinin kuma su koma cikin wahala.

Abin da ya sa fim ɗin ya yi suna shi ne yadda aka yi maganar cikinsa. Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar murya tare da hoto, don haka bayan an gama sai aka zaunar da Umaru yana kallon hotunan yana magana a kansu yadda ta zo masa, babu takarda a gabansa. Ya faɗi gajiyarsa da burinsa na zama ɗan dambe da takaicinsa na talauci. A ƙarshen fim ɗin ana ganinsa yana tafiya a bakin ruwa yana kwatanta wa wani yaro yadda aka yi yaƙin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana tashi kamar mai gudun harsashi. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958 a Faransa, matasan masu shirya fim na can irin su Jean-Luc Godard suka yaba masa ƙwarai.

Sai dai yabon da kyautar duk sunan Rouch suka bi, domin shi ne mai fim. Umaru ya ci gaba da mutunta shi, har ya sake fitowa a fim ɗinsa Babatu na 1976, amma bai ɓoye ba cewa akwai wuraren da hoton da aka nuna bai yi daidai da yadda shi ya ji abin a jikinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ne ya sa masa ƙudurin wata rana shi ma zai tsaya bayan kyamara ya ba da labarinsa da kansa.

Cabascabo, fim ɗinsa na farko

Bayan ya dawo Yamai, Umaru ya shiga wata ƙungiyar masu sha'awar fim da ke haɗuwa a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. A nan ya koyi riƙon kyamara da ɗaukar murya da tsara fim, har ya zama mataimakin ma'aikatan. A lokacin akwai wani saurayi da ya riga shi shiga fagen, Mustafa Alasan, wanda asalinsa makanike ne kuma gwanin zane, ya yi fim ɗinsa Aouré tun 1962, ya kuma shiga cikin na farko-farkon masu yin fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta kudu da hamada.

A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Umaru ya rubuta nasa, ya sa masa suna Cabascabo, aka ɗauke shi da Zabarmanci, hoto baƙi da fari, tsawonsa minti 45, kuma shi da kansa ya fito a matsayin mai sunan. Labarin wani tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da ƴan kuɗinsa na sallama. Abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, ana yi masa kirari yana rabo, har aljihu ya bushe. Ranar da kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Ya nemi aiki ya rasa irin wanda yake ganin ya dace da shi, ya koma lebura ana yi masa tsawa, a ƙarshe ya saɓa kayan aiki a kafaɗa ya juya wa birni baya ya nufi karkara.

Duk ɗan bidar da ya taɓa dawowa gida da guzurin shekara biyu ya ga ya narke cikin wata guda, ya san wannan labari. Ita ma macen da ta taɓa ganin jarin mijinta ya tafi a hidimar abokai ta san shi. A watan Mayu na 1969 aka nuna Cabascabo a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, a sashen da masu sharhin fim suke zaɓar sababbin hannu, kuma a shekarar nan ya samu lambar yabo a bikin Mosko. Ɗan dakon Tireshbil ya zama mai fim da sunansa.

Kasuwar da ɗan gida ba shi da rumfa

A nan ne babbar matsalar take. A shekarun 1960, kusan duk gidajen silima na ƙasashen Afirka rainon Faransa suna hannun kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA. Su ke da gidajen, su ke sayo fina-finan, su ke raba su gari-gari. Abin da suke kawowa shi ne fina-finan kaboyi na Amurka da na Indiya da na Masar da tsofaffin fina-finan Faransa, waɗanda sun riga sun mayar da kuɗinsu a wasu ƙasashe, don haka ana samun su da araha. Fim ɗin ɗan Afirka kuwa da tsada ake yin sa: zaren ɗaukar hoton daga Turai ake sayo shi, in an ɗauka kuma sai an mayar da shi Faris a wanke a haɗa. In ya kammala, masu gidajen silima su ce ba su da wurinsa.

Ku kwatanta da manomin albasa da ya sha wahalar ban ruwa wata huɗu, ya cika buhunansa, sannan ya tarar dillali guda ne ke da mota, shi ke da rumfa, shi ke yanka farashi, kuma ya ce shi albasar waje yake so. Haka fim ɗin Umaru ya samu masu kallo a Faransa da Rasha, alhali mutanen da aka yi shi dominsu ba su da inda za su gan shi.

Waɗanda suka ce a'a ga wannan hali wasu ƴan tsirarun mutane ne a Wagadugu, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta, wadda ta koma Burkina Faso a 1984. Masu sha'awar fim ne da ke haɗuwa a cibiyar al'adu ta garin, cikinsu akwai François Bassolet na ma'aikatar watsa labarai, da Claude Prieux shugaban cibiyar. Wadda suka ɗora a kan shugabancin kwamitin shirya bikin farko mace ce, Alimata Salembéré, ma'aikaciyar gidan rediyo da talabijin, wadda a lokacin ba ta kai shekara 30 ba. Daga baya ta riƙe babbar sakatariyar bikin, ta kuma zama ministar al'adu ta ƙasarta. Bikin na biyu ma, a 1970, mace ce ta shugabance shi, Simone Mensah. Iyayenmu mata su lura da wannan: babban taron fim na nahiyar nan a hannun mata ya yi rarrafe.

Daga 1 zuwa 15 ga Fabrairun 1969 aka yi bikin farko. Ƙasashen Afirka biyar ne suka kawo fina-finai, Nijar na cikinsu, aka nuna fim sama da 20, mutane wajen 10,000 suka kalla. Babu gasa, babu kyauta. Manufar kawai ita ce ɗan Afirka ya ga fuskarsa a bango. Usman Sembène na Senegal, wanda ake ɗauka uban masu shirya fim na Afirka, ya rungumi abin tun daga farko bai sake shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Shi ma, abin mamaki, tsohon soja ne kuma tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai. A ɓangaren Nijar kuwa, Mustafa Alasan da Umaru Ganda ne ke riƙe da tuta.

A watan Janairun 1970 gwamnatin Janar Sangoulé Lamizana ta yi wani abu da ya girgiza kamfanonin nan biyu. Sun so su ƙara kuɗin shiga silima, gwamnati ta ƙi, suka rufe gidajen don su matsa mata, ita kuwa sai ta karɓe gidajen ta kafa kamfanin ƙasa mai suna SONAVOCI. A shekarar nan kuma masu shirya fim na nahiyar suka kafa ƙungiyarsu, FEPACI, a Tunis, inda wani bikin, na Kartaj, yake gudana tun 1966. Ranar 7 ga Janairun 1972 gwamnatin Haute-Volta ta sa hannu a dokar da ta mayar da bikin Wagadugu na hukuma, da sunan FESPACO, aka kuma sa masa gasa da babbar kyauta.

Ingarman Yennenga

Kyautar ana kiranta Étalon de Yennenga, wato Ingarman Yennenga. Yennenga gimbiya ce jaruma daga ƙasar Dagomba a arewacin Gana ta yau, wadda Mosawa suke ɗauka ita ce uwar kakansu Wedirawogo, sunan da ke nufin ingarman doki. Siffar kyautar mace ce a kan doki ya yi tsaye da ƙafafun baya, tana riƙe da mashi.

A watan Maris na 1972 aka yi gasar farko, kuma fim ɗin Umaru na biyu, Le Wazzou polygame, shi ya yi nasara. Kalmar wazzou ita ce wa'azi a bakin Zabarmawa. Labarin wani attajiri ne da ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido ya ga wata yarinya mai suna Satu wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi suka yi magana, iyaye suka karya alkawari, saurayin ya bar gari da baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, kishi ya rufe mata ido, ta yi niyyar kashe amarya, amma cikin duhu ta kashe wata ƙawar amarya da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Umaru musulmi ne da ya tashi cikin musulmi, kuma abin da ya ɗora wa yatsa shi ne mutumin da ke fakewa da rawani da dukiya ya take haƙƙin na ƙasa da shi, da iyayen da ke mayar da ɗiya haja. Wadda ta fito a matsayin Gaika ita ce Zalika Sule, haifaffiyar Yamai a 1947, wadda ta fara fitowa a fim ɗin Mustafa Alasan na 1966, ta kuma fito a duk manyan fina-finan Umaru. Ta iya wasan har mutane suka riƙa zaginta a titi, suna ɗauka halinta ne na gaske.

Shaiɗan da alkawari

Bayan wannan nasara Umaru ya fitar da Saïtane, wato Shaiɗan, a farkon shekarun 1970. A nan ya taɓo wani malamin tsibbu da ke karɓar kuɗin wani mai hali yana yi masa hanya zuwa ga matar aure, yana fakewa da sunan taimako, har asirinsa ya tonu. Ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce a yi irin wannan fim a wancan zamani. Ya kuma yi fina-finan da ke nuna al'adu da rayuwar jama'a yadda take, ba tare da ƙagaggen labari ba.

Fim ɗinsa na ƙarshe, kuma mafi tsawo, shi ne L'Exilé na 1980, ma'ana wanda ya yi gudun hijira. Wani jakada ne da ya bar ƙasarsa yake ba abokansa Turawa wata tatsuniya. Wasu samari biyu ƴan uwan juna suna hira suka ce in da za a aura musu ƴaƴan sarki, sun yarda a sare kawunansu. Sarki ya ji, ya aura musu, da wa'adi ya cika ya nemi a cika magana. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa, ya yi ta yawo har ya zama sarki a wata ƙasa, amma a ƙarshe shi ma maganar da ya furta da bakinsa ta cim masa, ya ba da ransa saboda jama'arsa. Abin da Umaru yake nunawa shi ne darajar magana a wurin mutanen da, da yadda ta zube a zamanin da shugabanni ke alkawari da safe su warware da yamma. Ɗan kasuwar da ke ba da kaya bashi daga Tunfafi zuwa Abijan ba tare da takarda ba, sai amana, ya san cewa alkawari kaya ne.

Rasuwarsa da kyautar da ke ɗauke da sunansa

Ranar 1 ga Janairun 1981 Allah ya yi wa Umaru Ganda rasuwa a Yamai sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45, yana cikin shirin wani sabon aiki. Hukumomin Nijar na zamanin Seyni Kunce suka sa sunansa a sabon gidan raya al'adun da ke kusa da Wadata. Makonni kaɗan bayan rasuwar aka buɗe FESPACO na 1981, abokan aikinsa suka fito da kyautar Umaru Ganda, wadda ta zama ta wanda ya fi kowa a cikin masu kawo dogon fim ɗinsu na farko.

Wanda ya fara karɓarta shi ne Kwaw Ansah na Gana, a 1981, kuma a 1989 ya dawo ya ɗauki Ingarman kansa. Newton Aduaka ɗan Nijeriya ya karɓe ta a 2001, a 2007 shi ma ya ɗauki Ingarma. Ashe ke nan sunan ɗan dakon nan ya zama tsanin da sababbin hannu ke takawa su hau. Bikin kuwa tun 1979 ake yin sa duk shekara biyu, a 1983 kuma aka buɗe masa kasuwar saye da sayar da fina-finai mai suna MICA, inda masu gidajen talabijin da dillalai ke haɗuwa da masu fim.

Abin da ya rage mana

Sai dai akwai abin da ya kamata ya dame mu. Tun daga 1972 har zuwa bikin 2025, babu wani ɗan Nijar da ya sake ɗauko Ingarman zinariya na dogon fim. Ko a 1987 da fim ɗin Sarraounia ya ci, labarin namu ne, na sarauniyar Lugu, daga littafin Abdullahi Mamani, amma mai fim ɗin Med Hondo ne ɗan Muritaniya, kuma a Burkina Faso aka ɗauke shi.

Ba gwanaye muka rasa ba. Mustafa Alasan ya dawo nan Tawa ya zauna, ya buɗe masaukin baƙi, yana amfani da abin da ya samu yana ci gaba da zane da fim da koyar da yara, har ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2024 aka sa sunansa a tsohuwar cibiyar al'adun nan ta Yamai inda shi da Umaru suka yi tashe. Jean Rouch ma a jiharmu ajali ya same shi, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka rufe shi a Yamai. Inusa Usaini, wani ɗan Nijar, shi ya shugabanci hukumar CIDC da ƙasashen Afirka suka kafa a Wagadugu domin su karɓe rabon fina-finai daga hannun baƙi, amma ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1980, ƙasashen ba su cika alkawarin kuɗin da suka ɗauka ba. Bai karaya ba, a 2006 ya kafa wani taron fina-finan gaskiya a Yamai domin horar da matasa.

Abin da muka rasa shi ne kasuwa. A watan Maris na 1982, shekara guda bayan rasuwar Umaru, masu fim na Afirka sun taru a Yamai suka fitar da wata takardar matsaya da ke cewa yin fim da raba shi da nuna shi igiya ɗaya ce, in aka yanke wani wuri duk ta tsinke, suka kuma yi kira ga ƴan kasuwa su sa jarinsu a harkar. Kiran bai samu amsa ba. Tsofaffin gidajen silima na Yamai irin su Vox da Jangorzo suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Zalika Sule, wadda duniya ta san fuskarta, ta shiga ƙunci har ta tafi ƙasar waje aikatau, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗinta Al'lèèssi. Ta rasu a 2021.

Maƙwabtanmu na Kano kuwa, tun daga shekarun 1990, ƴan kasuwa ne suka riƙe musu harkar, suka sa kuɗi, suka buga kaset, suka kai shi kowace rumfa har Madawa da Buza, shi ya sa dandalin soyayya ya shiga kowane gida. Yau kaset ya wuce, a waya ake tura fim, kuma akwai yaranmu a Tawa da Maraɗi da Damagaram da ke ɗaukar nasu da Hausa da ɗan abin da ke hannunsu. Mai shagon da ke tura fim ɗin yaron garinsu kyauta, da attajirin da zai kashe dukiya a biki guda amma ba zai ɗauki nauyin nuna fim ɗin gida a dandalin gari ba, su tuna cewa bikin Wagadugu da mutane ƙalilan da allon bango ya fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan Umaru Ganda da Mustafa Alasan da Zalika Sule da Inusa Usaini, ya gafarta musu kurakuransu. Mu kuma sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, da tarihin wani daga cikin mazan jiya.